Kafin Baba Ya Miƙa Makulli

Da zarar kaka ta yi, aka kai masara da waken suya kasuwa, aka fara saran rake a fadamun Makarfi da Kudan, akwai maganar da ke tasowa a gidaje da yawa a Paki da kewaye. Yaro ya gama sakandare ko yana aji na ƙarshe, ya taya mahaifinsa aiki tun daga sharar gona har zuwa girbi, yanzu yana jiran tukuici: babur, Boxer ko roba-roba. A gidan da ke da hali kuwa, 'yar mota ce 'yar Kwatano. Sai uba ya yi shiru, uwa ta ce a dakata tukuna.

Mu matasa mukan fassara wannan shiru da rowa, ko rashin yarda da mu. Buƙatarmu ma ba ƙarya ba ce. Wanda ya samu gurbin karatu a makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi ya san abin da kuɗin mota ke ci kullum, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Babur ne ke kai taki gona, shi ke kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, da shi ake ɗan taɓa acaɓa a samu na littafi. To me ya sa iyaye ke ja da baya?

Amsar tana kan titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kusan mutum miliyan 1.19 duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Wato mu ake nufi. Iyayenmu ko ba su karanta rahoton ba, sun je jana'iza, sun je dubiya Asibitin Koyarwa na Shika, sun ga samari kwance da ƙarfe a ƙafa a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Babbar hanyar Zariya zuwa Kano tana kusa da mu, manyan motoci na gudu a kanta dare da rana, kuma duk inda kwalta ta yi santsi, hannun yaro kan yi ƙaiƙayin murɗa totur. Ga rakiyar amarya, inda ake ɗaga tayar gaba, ana jan birki ana tada ƙura don 'yan mata su yi guɗa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Akwai kuma doka. A Najeriya ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba lasin tuƙi, kuma babur ma yana da nasa lasin, wanda ake kira rukunin A. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tanadi cewa sabon direban mota ya bi ta makarantar koyon tuƙi da ta amince da ita, ya fara da takardar ɗan koyo. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa ɗaya. Tun 1 ga Janairu, 2009 aka fara tilasta sa hular kwano, har wasu 'yan acaɓa a lokacin suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su ruɗi jami'ai. An yi dariya, amma ƙwarya ba ta taɓa tare kan kowa daga kwalta ba. Uban da ya miƙa wa ɗan shekara 15 makulli ya san cewa ranar da tsautsayi ya gitta, shi za a nema, shi zai biya kuɗin asibiti, shi zai je gidan mutane ba da haƙuri.

Sai batun aljihu, domin sayen abin hawa somin taɓi ne. Akwai lamba da takardu, akwai inshora: tun Janairun 2023 mafi ƙarancinta naira 15,000 ce ga motar gida, naira 3,000 ga babur. Akwai mai, baƙin mai, taya, bakanike. Akwai fargabar masu ƙwacen babur, wadda ke hana uwa barci in ɗanta ya wuce isha'i bai shigo ba. Akwai kuma tsoron da malamai suka fi sani: ɗalibin da ya ɗanɗana kuɗin acaɓa, sai a wayi gari kujerarsa a aji babu kowa.

Duk da haka, hani kawai ba ya magance komai. Yaron da aka hana a gida zai ari na aboki a ɓoye, ba hula, ba koyo, ba mai tsawata masa. Abin da ya fi shi ne a zauna a yi yarjejeniya. A jira shekara 18. A yi koyo a hannun wanda ya iya, a karɓi lasin kafin makulli. A sayi hular kwano rana ɗaya da babur, ba bayan wata ba. In na hannu za a saya, a tafi da bakanike ya duba birki, taya da fitila, a kuma tabbatar da takardunsa don kada a sayo na sata. A shekarar farko, ba tafiyar dare, ba goyon mutum biyu, ba waya a kunne, ba wasa a gidan biki. In aka karya sharaɗi, makulli ya koma aljihun Baba ba tare da gardama ba.

Mu kuma da ke jiran makullin, akwai namu aikin. Iyaye suna kallon yadda muke riƙon keken gidan, yadda muke dawo da canji in an aike mu, da lokacin da muke shigowa gida. Wanda ya cika waɗannan ƙananan amanoni, idan kaka ta zagayo ya sake yin maganar babur, zai ga shirun Baba bai yi tsawon na bara ba.