Sauya Aiki a Kasuwar da Ta Cushe: Mu Tuna da Kakuri

Tun da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya salon lissafinta a 2023 ake ta ce-ce-ku-ce. Ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki a Najeriya ba su da aikin yi, sai ga shi ta ce a zangon farko na 2023 kashi 4.1 ne kacal. Wasu suka ce ƙarya ce tsagwaronta. Wasu kuwa, musamman matasan da suka gaji da wurin aikinsu, suka ɗauka ƙofofi sun buɗe. Duka ɓangarorin biyu ba su fahimci lissafin ba. A sabon tsarin, wanda ya bi ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako don samun kuɗi, mai aiki ne. Mai digirin da ke sayar da katin waya a bakin titi ya shiga lissafi. Rahotannin hukumar kuma sun nuna fiye da kashi 90 na masu aikin suna ɓangaren da babu takardar ɗauka, babu fansho. Kujerun albashi kaɗan ne, kuma a kansu ake turmutsutsu.

Saboda haka mai shirin sauya aiki ya san inda zai sa ƙafa. Shawarwarin da aka saba ji ba su da wuya: a gyara CV ya dace da aikin da ake nema, a binciki kamfani kafin ranar ganawa, a riƙa zumunci da tsofaffin abokan karatu, domin guraben aiki da yawa a bakin mutane ake jin su kafin su kai jarida. Kada a miƙa takardar ajiye aiki sai takardar sabon wuri ta shigo hannu, in ba haka ba an saki reshe an kama ganye. Wani abin da ma'aikata da dama ba su sani ba shi ne, asusun fansho yana bin mutum duk inda ya koma, kuma dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya yi wata huɗu babu aiki ya ciri kashi 25 na abin da ya tara. Wanda kuma aka ce ya kawo kuɗi a sama masa gurbi, ya tuna cewa a 2023 sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a kan cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya. Masu sayarwar suna nan, 'yan damfarar da ke kwaikwayonsu sun fi su yawa.

Amma abin da ya fi damuna ba a cika maganarsa ba, kuma darasinsa yana Kakuri, a kudancin birnin Kaduna. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da wani kamfanin Ingila. Masaƙun Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya. Akwai lokacin da in aka tashi daga aiki, titin Kakuri ba ya ratsuwa saboda kekuna da mutane. Samun aiki a masaƙa a wancan zamani ya isa a ba mutum aure. Sai wutar lantarki ta gagara, baƙin mai ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano su ma suka bi sahu.

Ina ma'aikatan suka nufa? Da yawa sun koma acaɓa da gadi da leburanci. A cikinsu akwai wanda ya yi shekara ashirin yana gyaran injin saƙa, yana jin ƙarar inji ya gane abin da ya lalace kafin a kwance shi. Akwai masu haɗa wuta, masu walda, masu kula da tukunyar tururi. Gwaninta ce ta gaske, amma shaidarta tana cikin fayil ɗin kamfanin da aka sa wa kwaɗo. Da mutum ya je wani wuri, sai a ce, "Ina takardarka?" Sai ya ciro katin shaidar masaƙar da ta mutu. Wannan babban sauyin aiki ne da Arewa ta gani, an yi shi a kan dole, kuma ba mu koyi komai daga cikinsa ba.

Abin haushi, hanyoyin samun wannan shaida sun daɗe. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a da aka fi sani da Trade Test, mai mataki uku. Akwai jarrabawar sana'a ta NABTEB. Hukumar NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, tana kula da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, wanda ya tanadi a gwada abin da mutum ya riga ya iya a ba shi takarda, ko da a gareji ya koya. Je ka tsohuwar kasuwar Panteka ka ga yaran da ke ƙera injin niƙa da injin casa daga tarkacen ƙarfe, sannan ka tambayi nawa ne cikinsu suka taɓa jin labarin wannan tsari. Hukumomin suna zaune a ofis suna jiran a zo, alhali su ya kamata su ɗauki teburinsu zuwa kasuwa.

Ɗan boko ma bai tsira ba. Ma'aikacin banki da ke son komawa harkar sola, ko malamin makarantar kuɗi da ke hangen aikin kwamfuta irin wanda shirin 3MTT ke koyarwa tun 2023, duk tambaya ɗaya za a yi musu: me ka iya, kuma wa ya shaida? Amsar ba ta samuwa a mako guda. Ana fara ta ne tun ana kan tsohon aiki, da yamma da ranakun hutu, a gaban wani oga ko da ya girme ka da ilimin sana'a kawai. Girman kai ne ke hana da yawanmu durƙusawa gaban mai gyaran da bai gama sakandare ba, kuma wannan girman kai ya fi rashin jari cutar da mu.

Gwamnonin Arewa, maimakon rabon keken ɗinki a gaban kyamara, ku biya wa masu sana'a kuɗin gwaji, ku kai masu gwajin kasuwar Panteka da ta Ƙofar Ruwa a Kano. Kai kuma mai shirin ajiye aiki, kafin ka rubuta wa oga takarda, je ofishin ƙwadago na jiharka ka tambayi yadda ake zama gwajin.