Bayan Windows 10: Yadda mai tsohuwar kwamfuta a Babura zai gwada Linux ba tare da ya goge komai ba

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba ta mutu ba, tana kunnuwa kamar kullum. Abin da ya canza shi ne, duk wata sabuwar ɓaraka da masu kutse suka gano ba za a ƙara toshe ta ba, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na shekara ɗaya da kamfanin ya buɗe.

Shawarar Microsoft ita ce a koma Windows 11. Sai dai ita tana da sharuɗɗa, ciki har da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma ba ta amince da galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba. Irin waɗannan kuwa su ne na hannu da ake sarowa daga Beirut Road a Kano, su ne a jakar ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, wadda aka kafa a 2021, su ne kuma a teburin mai shagon buga takardu a Roni ko Gwiwa. Na'ura lafiyarta ƙalau, amma an yanke mata wa'adi daga wani ofishi a Amurka.

Mece ce Linux?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke haɗa na'urar da sauran manhajoji. Windows ɗaya ce daga ciki. Linux wata ce, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Bambancinta shi ne rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake: kowa na iya karanta shi, ya gyara, ya rarraba, ba tare da sayen lasisi ba. Mai riƙe da wayar Android ya daɗe yana amfani da ita, domin a kanta aka gina Android.

Nau'o'inta suna da yawa. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fito da ita a 2004, ta fi shahara. Linux Mint ta fi kama da Windows a fuska, shi ya sa sabon shiga ya fi saurin sabawa da ita. Lubuntu kuma an yi ta ne don na'urori masu ƙaramin ƙarfi.

Gwajin kansa ba ya buƙatar goge komai. Ana sauke manhajar daga shafinta na asali (Linux Mint ta kai kusan gigabait 3, don haka a yi lissafin data), a ɗora ta a filash mai gigabait 8 ta hanyar wata ƙaramar manhaja kamar Rufus. Sai a sake kunna kwamfutar a umarce ta ta tashi daga filash ɗin: yawanci F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Linux za ta buɗe kai tsaye, Windows da duk fayiloli suna nan ba a taɓa su ba. A nan ne ake duba abubuwan da ke kawo cikas: shin tana kama intanet daga waya? Sauti na fita? Firinta na amsawa? Idan ba ta yi ba, a zare filash, komai ya koma yadda yake.

Haɗarin yana mataki na gaba ne, wato girka ta dindindin. Kuskure ɗaya wajen zaɓen wurin girkawa na iya shafe aikin shekaru. Dole a kwashe fayiloli zuwa wata ma'adana tukuna, a kuma tabbatar batiri ya cika, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya barin na'urar ba ta nan ba ta can. Ana iya ajiye Linux da Windows tare, a riƙa zaɓar ɗaya lokacin kunnawa.

Ga ɗalibi mai rubutu da bincike, Firefox da LibreOffice sun isa, kuma akwai tsarin allon rubutu na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ. Mai shagon da ke cin abinci da CorelDRAW, musamman a kakar fastocin 'yan siyasa, lamarinsa daban ne: CorelDRAW da Photoshop ba su da sigar Linux. Inkscape da GIMP na yin aikin, amma sai an sake koyo, kuma kwastoma ba ya jira. Wanda ya ce masa sauyin ba shi da wahala bai gaya masa gaskiya ba.

Siyasar da ke ciki

Najeriya ta taɓa shiga wannan takaddama. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya samu kwangilar sanya Linux a kwamfutocin Classmate 17,000 na 'yan makaranta. Kwatsam aka ji cewa za a goge ta a sa Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi, maganar ta zagaya duniya. Abin da ake ja a kai bai wuce wannan ba: manhajar da yaro ya fara koyo da ita, ita zai nema idan ya girma, ita kuma gwamnati za ta ci gaba da biya.

Wasu gwamnatoci sun ɗauki lamarin a matsayin batun 'yancin kai. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Birnin Munich ya riga ta tun 2003, amma a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows, abin da ke nuna cewa sauyin gwamnati na iya warware aikin shekara goma sha huɗu.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a fagen. A zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa Galaxy da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kazaure, tun jihohi da dama ba su fara maganar intanet ba. Yanzu ga jami'ar fasaha a Babura, ga Kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure. Ɗakunan kwamfuta na makarantu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi suna fuskantar wa'adin nan ɗaya da na mai kwamfutar gida, sai dai su da kuɗin jama'a za a warware nasu. Idan kasafin kuɗi ya zo da layin sayen sababbin kwamfutoci, akwai tambayoyin da ya dace ɗan majalisar mazaɓar ya amsa: nawa ne daga cikin tsofaffin suka lalace da gaske, nawa ne Windows 11 kawai ta ƙi, kuma nawa ake kashewa kan lasisi kowace shekara.