Nauyin Firji Ba Ya Riƙe Shi a Cikin Mota

Akwai wata magana da ke yawo a tsakanin masu mayar da motocin kaya ɗakin kwana na tafiye-tafiye a Turai da Amurka da Ostareliya, kuma duk inda aka ɗora firji a bayan Hiace ko Hilux sai ka ji irinta: wai firjin da aka cika da ruwa da nama ya yi nauyin da ba inda za shi, don haka ɗaure shi ɓata lokaci ne. Maganar nan ta isa haka. Firjin da ake nufi shi ne ɗan akwatin nan mai aiki da batirin mota na bolt 12, irin na Dometic ko Engel ko ARB. Yawancinsu murfinsu ta sama yake buɗewa, shi ya sa ake yi musu kanta mai jawowa kamar durowa, a jawo firjin waje a buɗe, a mayar da shi ƙarƙashin gado ko benci.

Wanda ya ce nauyi zai riƙe kaya ya ga rabin gaskiya. Hakika abu mai nauyi ya fi danne ƙasa, kuma ya fi wuyar turawa da hannu. Amma idan direba ya taka birki, motar ce ke tsayawa, kayan cikinta kuwa suna nan da gudunsu na ɗazu, kuma ƙarfin da ake bukata a tsayar da su yana ƙaruwa daidai da nauyinsu. Ka ninka nauyin, dannewar ta ninku, ingizawar ma ta ninku, an koma gidan jiya. Shi ya sa birkin da ya zamar da ƙaramin kwali zai zamar da babban kwali irinsa. Isaac Newton ya rubuta ƙa'idar motsi da ke bayan wannan tun 1687, kuma duk yaron motar da ya taɓa ganin buhunan hatsi sun rugo kan gidan direba ya san ta ba tare da karatu ba. To, balle a ɗora firjin a kan layukan ƙarfe masu boris, waɗanda aka ƙera musamman don kaya mai nauyi ya sulale da turin yatsa ɗaya. Ɗan riƙon da ƙasa ke yi masa ma an cire shi ke nan da gangan.

A yi lissafi. Firji mai cin lita 40 yakan kai kilo 15 ba komai a cikinsa. A zuba masa ruwa da abinci na kilo 20, tunda kowace litar ruwa kilo guda ce, a haɗa da kantar kanta, an doshi kilo 40. Gwajin da ake yi wa maɗauran keken guragu a cikin mota yana kwaikwayon karo ne a gudun kilomita 48 a awa, inda komai ke fizgar maɗaurinsa da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 20. A irin wannan karo, firjin nan zai fizgi abin da ke riƙe da shi da ƙarfin kilo 800, wato buhun siminti 16, a cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Kilomita 48 kuwa gudun cikin gari ne. Sai mutum ya kashe maƙudan kuɗi a kan firji, ya kafe kantarsa da sukurori huɗu a cikin siririn katako, ya zaunar da 'ya'yansa a gabanta. Wannan ganganci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Wani zai ce shi ba ya gudu. To, wanda zai faɗo masa daga ɗaya hannun bai yi wannan alkawari ba, kuma ko ba karo, kwana ɗaya mai tsanani ta isa ta jawo kantar da ke buɗewa ta ƙofar gefe. Wani kuma zai ce ai a jikin kwalin layukan an rubuta suna ɗaukar kilo 100. Wannan adadi na kayan da ke zaune ne a kan layuka biyu da aka kafa a tsaye, ɗaya a kowane gefe. Bai ce komai a kan fizga ba, bai ce komai a kan gargada ba, kuma idan aka kwantar da layukan a ƙarƙashin kantar, kamar yadda masu neman sauƙi ke yi, fiye da rabin ƙarfinsu ya tafi. Ɗan maƙalewar da durowar kicin ke yi idan an rufe ta kuwa don cokula aka yi shi.

Abin yi a bayyane yake. A sayi layuka masu kauri da suka fi ƙarfin nauyin firjin da kayansa nesa ba kusa ba, masu sakata da ke kullewa a rufe, ta kuma kulle a buɗe, don kada kantar ta komo ta matse hannu idan an tsaya a gangara. Tsawonsu ya kai yadda murfin zai buɗe gaba ɗaya. A yi kantar da filawud mai kaurin milimita 18, ko maƙerin walda ya haɗa ta da ƙarfe mai kusurwa, a yi mata ɗan baki kewaye da gindin firjin. Gidan da layukan ke maƙale a jikinsa a ɗaure shi da ƙarfen motar, da noti masu ratsa daɓen har ƙasa, da faffaɗan washa ko farantin ƙarfe ta ƙarƙashi, domin daɓen mota falle ne, ƙaramin kan noti yaga shi zai yi ya fice. Kafin a huda, a leƙa ƙarƙashin motar a ga inda tankin mai da bututun birki da wayoyi suka bi, a kuma shafa wa hujin fenti saboda tsatsa. Sannan a ɗaure firjin da kantar da bel biyu masu ƙarfi ta hannuwansa, a riƙa duba su, don gargada na sassauta komai. Layukan su zama daidai wa daida, domin ko ɗan karkata kaɗan zai sa su riƙa cijewa, borisan su lalace da wuri.

Wayar wuta a bar mata rara yadda za ta bi kantar waje ta dawo ba tare da layin ya datse ta ba, a sa mata fis kusa da batir. A bar wa ramukan iskar firjin tazarar akalla santimita 5, in ba haka ba zafi zai taru injin ya yi ta aiki yana shanye batir. Idan akwai zaɓin wuri, a sa kantar ƙasa-ƙasa, tana buɗewa ta ƙofar baya, yadda birki zai ƙara tura ta ciki ta jingina da bango mai ƙarfi.