Amfanin Rubutu Ga Mai Ƙera Manhajar Kwamfuta

'Yan'uwana ɗalibai, na lura waɗansu daga cikinmu suna koyon ƙera manhajar kwamfuta bayan an tashi daga aji, suna sa ran ta zame musu sana'a. Ina so in bayyana dalilin da ya sa ya kamata su riƙa rubuta bayanin aikinsu, suna sawa a intanet inda kowa zai karanta.

Duk wanda ya san Kasuwar Katako ta Jos ya san kafinta ba ya bukatar dogon surutu. Ga kujera, ga gado, ga ƙyaure a bakin rumfa. Mai saye ya taɓa, ya girgiza, ya duba haɗin, nan da nan ya gane gwani ne ko ɗan koyo. Mai ƙera manhaja kuwa ba shi da wannan gata. Aikinsa a ɓoye yake cikin na'ura, sau da yawa ma mallakar kamfanin da ya biya shi ne, ba shi da ikon nuna wa kowa. To, da me za a auna shi? Takardar shaida ba ta nuna yadda mutum ke tunani. Amma in ya rubuta cewa ga matsalar da ya tarar, ga hanyoyin da ya gwada, ga dalilin da ya sa ya zaɓi ɗaya, ya kafa rumfarsa ke nan. Mai neman ma'aikaci, ko a Ikko yake ko a Ingila, sai ya leƙa.

A Amurka, Joel Spolsky ya fara irin wannan rubutu a 2000, Jeff Atwood kuma a 2004. Da suka haɗu suka buɗe Stack Overflow a 2008, watau dandalin tambaya da amsa na masu wannan sana'a, ba su sha wahalar neman jama'a ba, gama masu karanta rubutunsu ne suka fara cika wurin. Mu ma abin ba baƙo ba ne a gare mu. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya shiga gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja. Alƙalaminsa ne ya kai shi Zariya, har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Akwai kuma amfanin da na fi ɗauka da girma, mu malamai mun san shi. Sai ka zauna shirya darasi kāna ka ga gurbin da ke cikin saninka. Haka mai manhaja: abin da ya gyara da sa'a, in ya zo bayyana shi, tilas ya koma ya gane shi sosai.

Sai dai a kiyaye, kada a tona asirin wurin aiki, kada kuma a kwafi na wani. In Turanci ya yi nauyi a rubuta da Hausa, domin masu bayanin wannan ilmi da Hausa ba su da yawa tukuna.