Kafin ka canza sifikun bayan motarka

Rana ce ke fara cinye sifikun baya, musamman waɗanda ke kwance ƙarƙashin gilashin baya. Robar gefensu takan bushe ta tsage, sai sauti ya riƙa karkarwa.

A Kano, da yawa kan garzaya Ƙofar Ruwa su nemi mafi girma. Ba girman ba ne abin dubawa. Yawancin rediyon mota sifika mai om 4 suke ɗauka. Ka ɗaura mai om 2, rediyon zai yi ta zafi, har ya iya ƙonewa. Auna ramin tukuna: inci 6x9 ne ko 6.5?

Ka tsaya kan mai gyara lokacin haɗa waya. Idan ya juya fosatif da nagatif a gefe ɗaya, bes zai dushe, ka zargi sabuwar sifika a banza.