Littattafan Da Ake Karantawa Da Hannu

Kai da ke riƙe da waya yanzu, ke ma haka, ku duba datar da kuka ƙona jiya a TikTok da Facebook. Kaɗan daga cikinta ya isa ku sauke littattafai uku ko huɗu da za su koya muku shuka, ajiye abinci da kiwon zuma. A wannan makon na tsamo muku wasu, musamman ku matasan Wurno, Rabah da Goronyo, da ruwa da fadama suke bakin ƙofarku.

Mu fara daga gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 kuma hubbarensa ke Wurno, ya rubuta Tanbihus Sahib ala Ahkamil Makasib a kan neman halal da sana'a. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya ja hankalin shugaba ya kula da manoma, maƙera, maɗinka, marina da sauran masu aikin hannu, don da su gari ke tsayawa. Idan Larabci ya yi maka nauyi, nemi malamin zaure ya warware maka. Daga nan za ka daina jin kunyar a gan ka da garma bayan ka yi digiri.

Sai lambu. Madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima da ta Lugu sun sa yankinmu ya yi suna da albasa, tafarnuwa da shinkafa. Amma kowa ya san yadda rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa. Shi ya sa ɗan filin bayan gida ya ƙara daraja. Ƙungiyar Agromisa ta ƙasar Holan tana da jerin ƙananan littattafai masu suna Agrodok, da Turanci mai sauƙi da zane-zane, ana samun su a intanet. Lamba 9 a kan lambun gida yake, lamba 8 kuma a kan haɗa taki daga shara, ganye da kashin dabbobi. Nan kusa kuwa, cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana wallafa ƙasidun noma da kiwo da aka tsara don manomin Najeriya. Idan sunan wani tsiro ya ɗaure maka kai, akwai A Hausa Botanical Vocabulary na J. M. Dalziel, wanda ya fito tun 1916, ya jera sunayen itatuwa da tsirrai da Hausa tare da sunayensu na kimiyya.

A ɓangaren girki, abin da ya fi cin kuɗin gida shi ne asara. Lokacin kakar tumatir ana zubarwa, bayan 'yan watanni kuma a saye shi da tsada. Agrodok lamba 3 yana bayanin busarwa da adana kayan lambu, lamba 31 kuma ajiyar amfanin gona. Za ka fahimci dalilin da ya sa ake barin wuyan albasa ya bushe sosai kafin a kai ta rudu ko rumbu, da dalilin da ya sa wake ba ya ƙwari a buhun PICS mai ruɓi uku: iska ce ke ƙare wa ƙwarin, ba sai an zuba magani ba. Ku nemi labarin Mohammed Bah Abba na Jigawa, wanda ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Ruwan yana tashi, cikin tukunyar yana sanyi, kayan miya su ƙara kwanaki ba tare da wutar lantarki ba.

Ga masu son sanin yadda kakanninmu ke tafiyar da gida, Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, ya cancanci karatu. Wata dattijuwa Bahaushiya ce ke ba da labarin rayuwarta, har da daka, girki, kaɗin auduga da 'yar sana'ar mata ta cikin gida. Zaman Hausawa na su Habibu Alhassan kuma ya yi bayanin sana'o'in gargajiya da Hausa tsantsa. Mu da muke ƙasar jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har Turai, bai kamata dukanci da jima su zama baƙon abu gare mu ba.

Tsara ɗaki fa? Littafin Marie Kondo 'yar Japan, The Life-Changing Magic of Tidying Up, ya zagaya duniya. Ta ce a gyara kaya jinsi-jinsi, tufafi duka a lokaci guda, sannan takardu, kuma kowane abu ya samu mazauninsa. To amma don gidan Japan ta rubuta. A gidan da mutum goma sha biyar ke zaune, ba za ka kwashi kwanukan Inna ka zubar ba. Ɗauki tsarin, ka fara da akwatinka.

Na ƙarshe, kiwon zuma. Beekeeping in Africa na Stephen Adjare, ɗan Gana, wanda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a 1990, da Agrodok lamba 32, sun nuna yadda ake ƙera amya mai sanduna a sama, irin ta Kenya. Kafintan unguwarku zai iya yin ta, muddin faɗin kowace sanda ya tsaya kimanin santimita 3.2. Amfaninta shi ne kana ɗaga saƙar zuma ɗaya-ɗaya da ɗan hayaƙi, ka ɗebi wadda ta nuna, ka bar mai 'ya'ya. Ba sai an cinna wuta an kashe ƙudan ba. Kakin ma kuɗi ne. Kuma masu fitar da irin albasa su sani, ƙudan zuma ke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, don haka feshin maganin ƙwari lokacin da suke kiwo asara ce ga mai amya da mai gona.

Kada ka sauke su duka ka jibge a waya. Zaɓi ɗaya, ka karanta babi guda, ka gwada a kwali ɗaya na ƙasa ko amya ɗaya. Sannan ka kai abin da ka karanta wajen tsohon manomi ko mai zuma na garinku, domin shi ya san ƙasarku da iskarku fiye da marubucin. Ke kuma, ki sayi littafin rubutu, ki zauna da Kaka ki rubuta yadda take haɗa daddawa da miyar kuka, da ma'auninta. Wannan littafin babu shi a intanet, sai kin rubuta shi da kanki.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.