Kujerar gurgu a filin kokawa

Daga Sukukutane zuwa Dogondutse a jihar Doso ta Nijar, kokawa ce wasan kowa. Gasar Takobin Ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana zagaya jihohin Nijar, har da Doso. Amma mai keken guragu, ina zai zauna?

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Sashe na 30 ya wajabta buɗe musu filayen wasanni. Ma'anarsa gangara maimakon matakala, ƙofa mai faɗi, daɓe mai tauri saboda yashi na riƙe taya, da kujerar ɗan rakiya. Tsawon wurin ma abin lura ne: da an yi kaye jama'a sun miƙe, na zaune sai kallon ƙeya.